Ɗaki a Gandun Disney: Lissafin da Ɗalibi Ke Yi Kafin Ya Karɓi Makulli

Kowace shekara dubban ɗaliban jami'o'i da kwalejoji suna jingine karatu na zango ɗaya ko biyu, su nufi jihar Florida ta Amurka domin yin aiki a Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawar nan da ke kusa da birnin Orlando. Wasu a ba su sayar da abinci, wasu shara, wasu tsare layi a bakin lilo da jiragen wasa, wasu kuma gyaran ɗakuna a otal-otal ɗin kamfanin. Shirin ya yi kama da horon sanin makamar aiki da ɗaliban Najeriya ke fita yi a ƙarƙashin SIWES, sai dai a can ana biyan ɗalibi bisa yawan awannin da ya yi, kuma ana tanadar masa wurin kwana idan yana so.

Wannan wurin kwanan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗalibai da iyayensu da zarar takardar ɗauka ta iso. Ɗalibi zai zauna a gidajen da aka tanada ne, ko zai nemi haya a gari? Idan ya zaɓi na shirin, zai raba ɗaki da wani ne, ko zai ƙara kuɗi ya samu nasa shi kaɗai? Da yawa suna yanke shawara ta hanyar kallon hotunan ɗakuna da wuraren ninkaya. Amma ɗakin nan wani ɓangare ne na yarjejeniyar aiki, kuma wanda bai auna shi da wannan ma'aunin ba yakan gane kurensa bayan albashin farko ya shigo.

Yadda gidajen suka samo asali

An buɗe Walt Disney World a ranar 1 ga Oktoba, 1971, a kan fili mai faɗin da ya kai murabba'in kilomita 100. A yau akwai manyan wuraren wasa huɗu a cikinsa: Magic Kingdom, da Epcot da aka buɗe a 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Ma'aikatansa sun haura 70,000. Wuri irin wannan, mai cika da batsewa a lokacin hutu ya kuma sassauta idan makarantu sun koma, yana buƙatar ma'aikatan wucin gadi masu jini a jika. Daga nan shirin ɗalibai, wato Disney College Program, ya samo tushe a 1981, da ɗalibai 'yan ɗaruruwa.

A shekarun farko an sauke su ne a gidajen tafi-da-gidanka a yankin Kissimmee. Da shirin ya bunƙasa sai aka samar da rukunin gidaje irin su Vista Way da The Commons da Chatham Square da Patterson Court. Haka aka ci gaba har watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren wasan, aka dakatar da shirin, aka ba ɗalibai kwanaki ƙalilan su tattara nasu-ya-nasu su bar gidajen. Da aka dawo da shirin a tsakiyar 2021, sai aka mayar da ɗaliban sabon rukuni mai suna Flamingo Crossings Village, a yammacin filin Disney, wanda aka tsara shi domin ya ɗauki mutum kusan 10,000. Kamfanin American Campus Communities, wanda ya ƙware wajen gina wa ɗaliban jami'a masauki, shi ya gina shi kuma shi ke gudanar da shi.

Ire-iren ɗakunan da abin da kuɗin ya ƙunsa

Gidajen sashe-sashe ne, kowane da falo da kicin da injin wanki, da gado da kujeru a ciki. Mafi araha shi ne mai ɗakuna biyu da banɗaki biyu wanda mutum huɗu ke zama, biyu a kowane ɗaki. Sai mai ɗakuna huɗu da banɗaki biyu, inda kowa ke da ɗakinsa amma mutum biyu ke raba banɗaki. Sai mai ɗakuna huɗu da banɗaki huɗu. Akwai kuma mai ɗakuna biyu na mutum biyu kacal. Gwargwadon keɓewar da mutum ke so, gwargwadon kuɗin da zai biya.

Ɗalibi yana bayyana irin wanda ya fi so lokacin rajista, amma ba a yi masa alkawarin samunsa ba, domin masu neman ɗaki na kansu sun fi ɗakunan yawa. Saboda haka wanda ya gina kasafinsa a kan mafi araha yana iya tsintar kansa a mai tsada, wanda kuma ya sa rai da keɓewa yana iya samun abokin ɗaki.

Kuɗin haya na mako-mako ne, kuma daga albashi ake cire shi kafin ya shiga asusun ɗalibi. A 'yan shekarun nan kuɗin ya kai dala 200 zuwa sama a mako, kuma yana ƙaruwa lokaci zuwa lokaci. Ya ƙunshi wuta da ruwa da intanet da tsaro da motocin bas masu kai ma'aikata wurin aiki su dawo da su. Ban da wannan, akwai kuɗin shiga shirin, ɗaruruwan daloli, da ake biya tun kafin a iso. Mai mota kuma sai ya sayi izinin ajiye ta.

Haya tsayayya, albashi mai hawa da sauka

Inda lissafin ke rikita sabon shiga shi ne, kuɗin haya ba ya motsi, amma awannin aiki suna motsi. A lokacin da baƙi suka yi ƙaranci ɗalibi yana iya samun awa 30 da 'yan kai a mako. A lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun bazara kuwa, awannin sukan wuce 40.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da muka ƙaddara domin bayani. A ce ana biyan ɗalibi dala 17 a awa, hayarsa kuma dala 230 a mako. Idan ya yi awa 32, ya samu dala 544, haya ta cinye sama da kashi 40 cikin 100 tun kafin a cire harajin tarayya. Idan ya yi awa 45, dokar ƙwadago ta Amurka ta ce duk awar da ta haura 40 a biya ta ninki ɗaya da rabi, don haka zai tashi da kusan dala 807, haya kuma ta koma ƙasa da kashi 30. Wannan kashi 30 ɗin shi ne iyakar da hukumomin gidaje na Amurka ke amfani da ita wajen cewa haya ta fara yi wa mutum nauyi. Ɗaki ɗaya ke nan, farashi ɗaya, amma a wani mako yana da sauƙi, a wani kuma yana shaƙe wuya. Abin da ke ɗan rage zafin shi ne jihar Florida ba ta karɓar harajin albashi nata na kanta.

Mai hankali yana gina kasafinsa ne a kan makon da aiki ya yi ƙaranci. Idan bambancin ɗakin haɗaka da na keɓe dala 40 ne a mako, cikin mako 20 ya zama dala 800, kuɗin da zai iya sayen tikitin jirgin komawa gida har a samu canji.

Barci ma yana da farashi

Duk da haka araha ba ta ado. Aikin wurin wasa ba shi da tsayayyen lokaci. Wanda ke gyaran ɗakunan otal ko shirya karin kumallo yana iya fita tun kafin asuba, wanda kuma ke rufe kanti a Magic Kingdom bayan wasan wuta na dare yana iya shigowa gida ƙarfe biyu. Idan aka haɗa waɗannan biyun a ɗaki ɗaya, ƙararrawar wayar ɗaya tana tashin ɗayan, fitilar wannan tana hana wancan runtsawa. Ga aikin na tsayuwa ne, sau da yawa a cikin zafi da gumin Florida. Kamfanin kuma yana da tsarin maki na lattin zuwa da fashin aiki, idan suka taru suna kai mutum ga sallama. Ga mai saurin farkawa, ƙarin kuɗin ɗaki na keɓe kariya ce ga aikin kansa.

Batun abokan zama shi ma ba ƙarami ba ne. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ana ba ɗalibai damar haɗa sunayensu da wanda suke so su zauna tare, shi ya sa tun watanni kafin tafiya suke cika zaurukan Facebook suna neman juna. Yawancin tambayoyin da suke yi wa juna a kan fim ɗin da aka fi so ne ko wurin wasan da ya fi burge su. Waɗanda suka taɓa yin shirin kuwa sukan ba da shawarar a tambayi abin da ke haddasa rigima: wa ke wanke kwanuka kuma yaushe, sanyin na'urar sanyaya ɗaki nawa ake so, ana kawo baƙi ko ba a kawowa, abincin firji na kowa ne ko kowa da nasa. Ɗalibi Musulmi yana da ƙarin abin da ya kamata ya faɗa tun farko: tukwanensa daban saboda naman alade, matsayinsa game da giya a falo, da tashinsa sallar asuba. Faɗin waɗannan kafin a haɗu ya fi sauƙi a kan faɗinsu bayan rai ya ɓaci.

Haya a cikin gari

Wasu ɗaliban suna buga lissafi ta wata fuskar. Mutum huɗu masu biyan dala 230 kowanne a mako suna zuba kusan dala 4,000 a wata a kan sashe ɗaya. Sai su ce da wannan kuɗin ai za su kama gida mafi girma a Kissimmee ko Davenport ko Clermont. Shirin ya yarda ɗalibi ya nemi masaukinsa da kansa, kuma ga wanda iyayensa ko danginsa ke zaune a yankin, ko ma'aurata, wannan ita ce hanya mafi dacewa.

Ga baƙo kuwa akwai tarnaƙi. Yawancin masu gidajen haya a Amurka yarjejeniyar wata 12 suke so, alhali shirin yakan ɗauki wata huɗu zuwa bakwai, ko da yake ana iya tsawaita shi zuwa shekara. Suna neman kuɗin ajiya, suna binciken tarihin bashin mutum, suna kuma son ganin albashin da ya ninka hayar, in babu sai an kawo wanda zai tsaya wa ɗalibi. Gidan yakan zo babu gado babu kujera. Wuta da intanet daban ake biya, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ta hutawa a bazarar Florida.

Babban cikas shi ne sufuri. Wanda ya fita daga gidajen shirin ya fita daga tsarin bas ɗinsu. Orlando gari ne da aka shimfiɗa domin masu mota. Motocin haya na gwamnati, Lynx, ba sa biyan buƙatar wanda ya tashi aiki tsakar dare. Mota kuma tana zuwa da fetur, da inshora wadda ta Florida tana cikin mafi tsada a ƙasar, da kuɗin hanya a tituna irin su 429 da 417, da cunkoson babbar hanyar I-4. Bas ɗin shirin ma ba a rasa ƙorafi a kansa ba, domin yakan tsaya a wurare da dama, ɗalibi ya fita tun da sauran lokaci mai yawa. Ma'aikacin Magic Kingdom, ko da motarsa ya zo, sai ya ajiye ta a filin ma'aikata ya sake hawa wata bas zuwa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake shiga aiki ta cikinsu. Tazarar da taswira ke nunawa daban, lokacin da tafiyar ke ci daban.

Idan aiki ya tafi, ɗaki ya bi shi

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda ba a cika karantawa ba. Zama a gidajen shirin na wanda ke cikin shirin ne kawai. Wanda aka sallama daga aiki, ko ya ajiye da kansa, dole ya bar ɗakin cikin ɗan gajeren lokaci. Haka kuma karya dokar gida yana iya jawo rasa aikin. Dokar Amurka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba shan giya, alhali ana shiga shirin tun daga shekara 18, kuma wannan na cikin laifukan da ke kai ɗalibai gida. Akwai ƙa'idar shigo da baƙi, akwai duba tsaftar ɗakuna.

Ga ɗaliban ƙasashen waje abin ya fi tsanani. Masu zuwa da bizar musayar ɗalibai ta J-1, da matasan da ke wakiltar al'adun ƙasashensu da bizar Q-1 a rumfunan ƙasashen waje na Epcot, ciki har da ta Maroko da aka buɗe a 1984, izinin zamansu a Amurka ma a kan aikin ya rataya. Rana ɗaya tana iya raba mutum da albashi da makwanci da biza. Abin da ya faru a Maris na 2020 ya nuna cewa ba sai mutum ya yi laifi ba hakan ke iya samunsa. Ga kuma lokacin guguwar teku, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, wanda kan sa a rufe wuraren wasan na kwana ɗaya ko biyu.

Wannan tsarin bai tsaya ga Disney ba. Wurin wasa na Cedar Point a jihar Ohio shi ma yana da masaukin ma'aikatan bazara, haka wuraren shaƙatawa da dama da ke garuruwan da haya ta yi tsada. Kamfani yana samun ma'aikata a kusa, ɗalibi yana samun makwanci ba tare da doguwar yarjejeniya ba, amma igiyar aikin da ta ɗakin a hannu ɗaya suke.

Ga mafi yawan ɗaliban da suka zo daga nesa, ba su da mota, kuma watanni kaɗan za su yi, gidajen shirin sun fi sauƙi da kwanciyar hankali, ko da farashin ya yi kama da tsada a takarda. Sai dai kafin ɗalibi ya sa hannu, ya karanta sharaɗin barin gida da kyau, ya auna hayar da albashin mako mafi ƙarancin aiki, sannan ya ware kuɗin tikitin komawa da na kwana biyu ko uku a otal a wani asusun da ba zai taɓa ba sai ta ɓaci.