Ko Ka Sani? Hular da Ke Sa Matuƙi Ya Hango Ƙasa Ta Tsakanin Ƙafafunsa

Matuƙin jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35, idan yana sama ya sunkuyar da kai, yana iya daina ganin gwiwoyinsa da daɓen jirgin, ya koma ganin ƙasa: tituna, rufin gidaje, motar da injinta bai gama hucewa ba. Ko da tsakar dare ne kuwa. In ya waiga, abin da ke biye da shi yake gani, tamkar babu ƙarfe ko kaɗan tsakaninsa da sarari. Sirrin yana cikin hular kwanon da ke kansa, wadda guda ɗaya ke cin kimanin dala 400,000.

A jikin jirgin an dasa kyamarori 6 masu ganin zafi, kowace tana fuskantar nata ɓangaren. Kwamfuta ce ke ɗinke hotunansu su zama guda. Wata na'ura kuma tana bin motsin kan matuƙin, duk inda ya juya sai a yanko hoton wannan wajen a aika wa hular, ƙananan majigi biyu da ke samanta su haska shi a cikin gilashin da ke gaban idonsa. A kan hoton ake rubuta masa gudun jirgi da nisansa daga ƙasa, a zagaye masa abokin gaba da alama tun ido bai kai gare shi ba. Jiragen yaƙin da suka gabata, a wani gilashi da aka kafa gaban matuƙi suke nuna waɗannan bayanai. F-35 ba shi da wannan gilashi sam, komai ya koma cikin hula. Kamfanin Collins na Amurka da Elbit mai tushe a Isra'ila ne ke ƙera ta tare.

Dabarar ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido ke gani a zahiri ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan tabarau a jami'ar Harvard, kuma sai da aka rataye na'urar a rufin ɗaki. A 1982 Thomas Furness ya gwada wata ƙatuwar hula a sansanin sojan sama na Wright-Patterson. Helikwaftan Apache ya zo da ɗan gilashi a kan idon dama kawai, bindigar da ke ƙasansa tana juyawa duk inda matuƙi ya kalla. Su ma Rashawa ba a bar su a baya ba: bayan haɗewar Jamus a 1990, sojojin Yamma suka gwada ƙwanji da jiragen MiG-29 da Jamus ta Gabas ta bari, suka tarar matuƙinsu kallo kawai yake yi ya saita makami mai linzami, ba sai ya karkata hancin jirgi ba. Abin ya tayar musu da hankali.

To amma bidiyon tallar kayan yaƙi ba ya nuna inda gizo ke saƙar. A ganina shekaru da maƙudan kuɗin da aka kashe, yawancinsu a 'yar tazarar da ke tsakanin ido da gilashi suka tafi, da kuma wuyan da ke ɗauke da hular.

Kowane matuƙi da tasa hular, ba a aro. Sai an ɗauki taswirar kansa da na'ura an yanka abin da za a shimfiɗa a ciki daidai da ƙoƙon kansa, sannan a auna tazarar ƙwayoyin idonsa a saita majigin, don kada hoto ya rabu biyu. Aikin yakan ci kwana biyu. Bayan haka ma ana dawo da shi a sake gwaji lokaci-lokaci, domin sabon aski ko 'yar ƙiba na iya sa hular ta zame. In ta zame kuwa, alamar da ke cewa ga abokin gaba can ta koma nuna wani wuri daban.

Sai matsalar jinkiri. A samfuran farko hoton yakan makara, kai ya riga ya juya shi kuma yana biyowa a baya, wani lokaci har yana rawa idan jirgi ya girgiza. Cikin kunnen mutum akwai abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya motsa. Idan ido ya kawo labarin da ya saɓa, sai jiri da tashin zuciya su biyo, irin na mai karanta saƙo a waya cikin mota a hanya mai gargada. Abin ya yi tsanani har a 2011 aka ba kamfanin BAE kwangilar ƙera wata hula ta ko-ta-kwana, sai a 2013 aka soke ta bayan an ga gyara ya soma kamawa.

Matuƙan sojan ruwa kuma nasu kukan daban ne. Sauka a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi a daren da babu farin wata, 'yan fitilun da ke kan jirgin ruwan ne kaɗai jagora. Sai ga wani koren haske na tsiyayowa daga majigin hular yana dusashe su. Aka taƙaita irin wannan sauka ga gogaggun matuƙa, har aka sauya fasahar da ke ba da hasken.

Wuya ya fi komai ban tsoro. Hular ta ɗara kilo 2, nauyin da ba a jinsa a ƙasa. Amma idan jirgi ya lalace kujera ta cilla matuƙi waje, nauyin kan yana ninkuwa fiye da sau goma cikin ƙiftawar ido, ga kuma fizgar da lema ke yi in ta buɗe. Gwaji da mutum-mutumi a 2015 ya nuna wuyan mara nauyi na iya karyewa, don haka aka hana duk wanda bai kai kilo 62 ba tuƙa jirgin. Sai a 2017 aka ɗage haramcin, bayan an rage wa hular nauyi, an sa matokarin kai a igiyoyin lemar, an kuma ƙara maɓallin da ke ɗan jinkirta buɗewarta.

Duk wannan fa ga mutumin da ke zaune ne, ɗaure a kujera. Sojan ƙasa gudu yake yi, ya yi rarrafe, ruwa ya dake shi, ƙura ta buɗe shi. Duk da haka rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta so nata kason. A 2018 ta ba Microsoft kwangilar dala miliyan 480 don mayar da tabaransa na HoloLens kayan soja mai suna IVAS, wanda zai nuna taswira da inda abokan aiki suke, ya kuma ga zafin jiki cikin duhu. A 2021 yarjejeniyar ta kumbura zuwa abin da zai iya kaiwa kusan dala biliyan 22 cikin shekara 10. Ma'aikatan Microsoft da dama tun a 2019 suka rubuta wa shugabanninsu cewa su ba ƙera makami suka zo yi ba, amma ba ƙorafinsu ne ya taka wa aikin birki ba. Gwajin 2022 ne: sojoji suka yi ta kukan ciwon kai, gajiyar ido da tashin zuciya, wasu suka ce hasken tabaran zai tona asirin inda suka ɓuya. Majalisar dokoki ta ƙi sakin dala miliyan 400 da aka nema don sayen ƙari, ta ba da miliyan 40 a je a sake zane.

A Fabrairun 2025 Microsoft ya sanar da miƙa ragamar aikin ga Anduril, kamfanin makamai na Palmer Luckey, matashin da ya ƙirƙiro tabarau na wasan bidiyo mai suna Oculus ya sayar wa Facebook a 2014 kan kusan dala biliyan 2.