Ina Zaren Ƙugiyar Ya Shiga?

A Kogin Trent da ke tsakiyar Ingila, musamman daga madatsar Cromwell kusa da garin Newark zuwa gangare, inda teku ke turo ruwa yana cika yana janyewa, akwai wata asara da kan ɗaure wa masu fatsar kifin babel kai. Kifi ya ɗauki abinci, sanda ta tanƙware, an shiga kokawa, ana ja yana ja. Ana cikin haka sai a ji hannu sakayau. Idan aka naɗo zare, sai a tarar komai na nan: ɗan kejin abinci mai dalma, da ƙwallon robar da ke tare shi, da ɗan ƙarfe mai juyawa, da kilif ɗin da ke jikinsa, duk lafiya lau. Guntun zaren da ke ɗauke da ƙugiya ne kaɗai babu, ko sili bai rage ba.

Babel kifin ƙasan ruwa ne, yana kiwo a kan tsakuwa, yana lalube da gashin bakinsa guda huɗu, kuma a kogunan Ingila da wuya a sami wanda ya kai shi taurin kai in ya ji ƙugiya. Mai kilo biyar ba abin mamaki ba ne a Trent. Saboda ƙarfin ruwa, kejin abincin kan kai nauyin giram 100 zuwa 170, yana zamewa a jikin babban zare. Daga nan sai guntun zaren ƙugiya, wanda tsawonsa kan kai mita ɗaya. Da can ɗaure shi ake yi. Yanzu da yawa suna yi masa ɗan zobe a kai, su rataya shi a kilif, su turo wani siririn bututun roba ya rufe bakin. Hikimar a fili take: babel ya fi cin abinci da magariba da dare, kuma ana kamunsa daga 16 ga Yuni har 14 ga Maris, wato har cikin hunturu. Duk wanda ya taɓa ƙulla zare a duhu da sandararrun yatsu ya san darajar abin da zai canza masa ƙugiya cikin ƙiftawar ido.

Wanda ake fara tuhuma shi ne ƙullin ƙugiya. Amma ƙullin da ya warware yana barin shaida, domin zaren kan dawo da tsawonsa, bakinsa a nannaɗe. Nan kuwa babu zaren ma, balle bakinsa. Sai a koma kan duwatsun da aka jera a gaɓar Trent don hana zaizaya, waɗanda suka sha cinye zaren mutane, ko kuma kifin fayik mai haƙora. Su ma ba su da hannu, don yanka ko gurzawa kan bar guntu a rataye, da kaushi a jikinsa in an shafa.

Saura kilif ɗin kansa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci su jefar da shi. Ni ban ga adalci a wannan gaggawar ba. Idan ƙarfin kifi ne ya buɗe shi, ai sai a ga bakinsa ya wage. A ɗora shi kusa da sabo a gwada, za a ga girmansu ɗaya. Idan kuma yana da ɗan kaifi da ke cin zoben zaren, a ratsa auduga ta cikinsa, za ta maƙale ta tona asirin. Akwai gwajin da ya fi wannan ƙarfi. A haɗa kayan a gida yadda ake haɗa su a bakin kogi, a rataya ƙugiya a ma'aunin hannu, a yi ta ja har sai wani abu ya tsinke. Galibi zaren ne zai katse a wajen ƙulli, ya bar ɗan gutsure a ƙarƙashin robar, kilif kuwa ko gezau. Ashe ja, komai tsananinsa, ba ya haifar da irin wannan ɓatan.

To a nan ya kamata a sake tambayar masu asarar, a wane lokaci ne daidai hannu ya yi sakayau? In suka natsu suka tuna, ba a gudun farko ba ne, lokacin da kifi ke fizgar zare kamar zai tsinke shi. Sai can da ya juyo ya nufo gaɓa, ko ya zo ƙarƙashin sanda yana girgiza kai. Kuma abin ya fi faruwa bayan duhu ya yi, bayan an canza zaren ƙugiya sau da yawa. Wannan ya juya maganar gaba ɗaya. Muddin zare na miƙe, zoben yana zaune daram a gindin lanƙwasar kilif. Amma da kifi ya juyo, keji mai nauyi kan faɗi ƙasa, zaren da ke tsakaninsa da kifin ya yi sako-sako na ɗan lokaci. Idan zaren mai tauri ne, irin na fulorokabon da ake so saboda ba ya saurin gurzuwa, zoben ba ya kwanciya, tsayawa yake a buɗe yana rawa. In kuma an yi shi da faɗi, ya zama maɓallin da ramin riga ya yi wa yawa, motsi kaɗan zai fitar da shi.

Sai dai an yi bututun robar ne don hana hakan. Me ya same shi? Matsalar ita ce a jikin zaren ƙugiya ake zura shi, saboda haka idan zaren ya tafi, tare suke tafiya, babu wanda zai duba shi. Amsar ba ta fitowa daga jifan da kifi ya kama, daga jifan da bai kama ba take fitowa. Mai lura, idan ya naɗo don sake abinci, ya haska tocila kafin ya taɓa komai. Wata rana zai ga robar ta zame ta sauka tsawon taƙi guda, bakin kilif a buɗe, zoben na reto a gefensa. Dalilan ba su da nisa. Robar da aka yi ta turawa ana zarewa tana saki. Ƙwayoyin abincin da aka fi sa wa babel suna da man kifi, man ya hau yatsa, yatsa ya shafa wa ƙarfe, santsi ya samu. Ga ciyawar da ruwa ke kwasowa ta taru a wurin, tana tura robar gangare. A duhu kuma mutum kan tura ta rabi, ya ɗauka ta shige.

Abin yana damuna ne saboda kifin, wanda zai tafi da ƙugiya a baki yana jan zare mai tsawon mita a cikin duwatsu da saiwoyi. Alhali kilif ɗin nan, in an yi amfani da shi daidai, alheri ne gare shi: ana zare zaren ƙugiya a ajiye sanda gefe, a bar babel cikin koma a ruwa ya huta, domin kifi ne da ke ƙarar da ƙarfinsa kaf a kokawa, kuma in aka sake shi bai farfaɗo ba yana iya kifewa ya mutu.

Don haka mai fatsa, ka rage faɗin zoben, daidai yadda zai shiga kilif da ƙyar. Ka sa roba mai kama ƙarfen tsam, wadda ta fara laushi ka yar da ita, ka goge hannu kafin ka tura. Kowane jifa, ka haska ka ja zaren gaba da baya ka gani. Inda kuwa duwatsu da ciyawa suka yi yawa, ka haƙura da saurin, ka ɗaure zaren kai tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa.