Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi?

A ɗebo ruwa daga rijiya ɗaya, a zuba rabi a randa, rabi a jarkar roba, a ajiye su a inuwa ɗaya cikin watan Afrilu. Kafin azahar na jarka ya yi ɗumi, na randa kuwa sai ka sha ka ƙara. Kowa ya san haka. In aka tambayi dalili, yawanci sai a ce ai ƙasa sanyi gare ta. Alhali yumɓu ba shi da wani sanyi na kansa, abin da ke faruwa shi ne randa gumi take yi.

Jikin randa cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwa ke tsattsafowa a hankali, shi ya sa in ka shafa bayanta za ka ji danshi. Da iska ta kaɗa sai danshin nan ya bushe ya bi ta. To ruwa ba ya ƙafewa sai ya sami zafi, zafin da ya fi kusa da shi kuwa shi ne na jikin randar da na ruwan da ke ciki. Duk ɗigon da ya bushe da ɗan zafinsa yake tafiya.

Zafin da yake kwasa ba kaɗan ba ne. Kafin lita ɗaya ta ƙafe ƙaf, tana cin zafin da ya ninka fiye da sau 5 na wanda zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A lissafi, in kashi 1 cikin 100 na ruwan randa ya ƙafe, sauran zai iya sauka da kusan digiri 6, in ba don zafin da ke ta shigowa daga waje ba. Ita jarka ba ta da kafar da ruwa zai bi, don haka duk zafin da ya shige ta sai ya zauna.

Da wannan za a gane abubuwa da dama da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, domin yau da gobe gishirin ruwa da gansakuka suna toshe kafofin. Randar da aka shafe da siminti ko fenti ta tashi daga aiki, ko da ta fi kyan gani. Wadda aka girka a kan jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, inda iska ke ratsawa, ta fi wadda aka tura lungun ɗaki. Da damina kuma sanyin randa yakan ragu, saboda iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta iya ɗaukar wata. Dalilin ke nan da randa ke yi wa mutumin Sakkwato ko Damagaram aikin da ba za ta yi wa mazaunin Legas ba.

Haka jikin mutum ma yake. Gumi ba ya sanyaya ka sai ya bushe. Shi ya sa zafin da ake yi idan hadari ya haɗu ya ƙi zubowa ya fi takura mutum, gumi na ta zuba amma ba ya bushewa. Fanka ma ba iskar ɗaki take sanyayawa ba, gumin jikinka take busarwa, saboda haka barin ta tana juyi a ɗakin da ba kowa ɓarnar wuta ce kawai. Kare ba ya gumi sosai, sai ya zaro harshe yana haki. Salkar makiyaya, da jarkar da direbobi ke naɗewa da jiƙaƙƙen buhu su rataya a jikin mota, duk dabara ɗaya ce.

Wanda ya ɗauki wannan sani ya kai shi gaba shi ne marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a saka ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a zuba kayan lambu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Aikin mai ita kawai ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. A gwajinsa, yalo da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafo da ke yaushi a yini ɗaya ya kai kwana 12. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000, daga baya kuma dabarar ta isa Darfur a Sudan. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne dalilin da ya sa shi: manomin da ba shi da wurin ajiya dole ya sayar a kan kowane farashi, kuma 'yan mata ne ake hana wa makaranta don su fita talla kafin kayan su ruɓe. Abin takaici ne a ce har yau tumatir na ruɓewa a gidajen da magina tukwane ke maƙwabtaka da su.

Sai dai a kiyaye abu guda: sanyi ba tsabta ba ne. Randa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka ɗebo da ƙazanta haka zai zauna, kuma moɗar da kowa ke tsomawa har da yatsu tana iya gurɓata mai tsabta, musamman lokacin da amai da gudawa ke yawo. A rufe randa da murfi, a wanke cikinta a kai a kai, a sa mata moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a kafa mata baki, a riƙa juyewa a kofi. In ana shakkar ruwan, a tafasa shi tukuna, ya huce, sannan a zuba a randa.