Yadda gwajin sigina ke tona lalurar taransifoma

Taransifoma kan daɗe da lalura a ciki kafin ta jefa unguwa cikin duhu. Domin ganowa, injiniyoyi kan cire ta daga layi, su aika mata sigina mai ƙara saurin kaɗawa sannu a hankali. A na'urar samar da siginar ana saita abu huɗu: mafari, galibi Hz 20, matsaya, kamar Hz miliyan 2, tsawon lokaci, da salon hawa. Hawan ninki-ninki ya fi dacewa, domin na bai-ɗaya kan wuce ƙananan matakai da gaggawa. Daga nan sai a kwatanta sakamakon da awon da aka yi tana sabuwa. Bambanci na iya nuna wayoyin ciki sun goce. Inda ba a adana awon farko ba, binciken kan raunana.