Tseren Mota a Ƙaramin Fili: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Duk direban da ya yi lodi daga Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar, ba sai an koya masa darajar bakanike ba. Tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, ta Buruku da Udawa, amma Golf ba ta barin tasha sai an leƙa lagireto, an ƙwanƙwasa taya, an gwada birki, an cika tanki. Motoci jerin gwano suke yi da rakiyar jami'an tsaro da 'yan sa-kai, kuma ba mai son tasa ta mutu masa a gefen dajin Kamuku, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Sai a ƙarshen 2024, bayan sulhun da aka yi har Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, jama'a suka ɗan sami sa'ida.

Can Amurka akwai wasan da aka haifa a kan hanyar daji irin wannan, sai dai su direbobin can hukuma suke gudu. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta giya a ƙasar. Mutanen tsaunukan kudu suka riƙa dafa tasu a ɓoye, samari na kwasarta cikin dare a motocin da aka ƙara wa ƙarfin inji da taurin safirin, amma daga waje ka rantse motar malamin makaranta ce. Ko bayan an ɗage dokar ba su daina ba, saboda gudun haraji. Ranar hutu sai gardama ta tashi: motar wa ta fi gudu? A share fili a yi da'ira, a gwada. Wani bakanike mai suna Bill France ya tara su a otal a Daytona cikin Disambar 1947, aka kafa ƙungiyar NASCAR a 1948.

Tseren farko na babban rukuninsu ma da rigima ya ƙare. Ranar 19 ga Yuni 1949, a Charlotte, sharaɗin shi ne kowa ya zo da mota yadda kamfani ya sayar da ita. Glenn Dunaway ya zo na ɗaya, aka shiga ƙarƙashin Ford ɗinsa aka tarar an taɓa safirin na baya, irin gyaran masu dakon giya. Aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Mai motar ya kai ƙara kotu, bai ci ba.

Junior Johnson, wanda ya ci manyan tsere 50, ya yi wata 11 a kurkuku bayan an kama shi a madafar giyar mahaifinsa a 1956. Shugaba Ronald Reagan ya yafe masa a 1986.

Yanzu ga filin. Mafi gajarta cikin filayen da ake neman maki a babban rukuni shi ne Martinsville a jihar Bajiniya, zagayensa bai kai mita 850 ba. A tserensu na ƙarshen shekara ana zagaya shi sau 500, wato kilomita 423, kamar mutum ya yi Kaduna zuwa Birnin Gwari sau uku da rabi, duk kwana ta hagu, motoci kusan 40 hanci da gindi. Kowane zagaye sai an danne birki sau biyu, sau dubu ke nan kafin a tashi, har faifan birkin ya yi jajir, ana hango shi ta cikin taya. Shi ya sa makanikai suke jawo bututun iska daga hancin mota zuwa birki, kuma direban da ya cinye birkinsa tun da wuri ya gama yawo ko da injinsa ya fi na kowa. Wanda ya yi nasara kuwa ba kofi ake ba shi ba: tun 1964 dogon agogon katako ne mai tsayin mutum. Richard Petty ya ci tsere sau 15 a wannan fili.

Motar ita kanta abin kallo ce. Ƙofarta ba ta buɗuwa, ta taga direba yake shiga, ya cire sitiyari ya zauna sannan ya mayar. Fitilun gaba sitika ce kawai aka liƙa. Babu agogon da ke nuna gudu, sai na juyin inji. Gilashin gaba ba gilas ba ne, roba ce mai tauri da aka shimfiɗa wa ledoji a jere; idan ta sama ta yi datti sai a ɓare ta. Tayar ba ta da zane ko ɗaya, sumul take, irin wadda da jami'in kiyaye haɗurra zai gan ta a titinmu da mota ta kwana a ofis. Zafin da ke cikin motar yakan wuce digiri 50.

Inda aka fi ɓata lokaci shi ne gareji, kuma a ganina can ake cin tseren tun kafin a kaɗa tuta. Tunda hagu kaɗai za a yi ta juyawa, da gangan ake karkata motar. Tayoyin dama sun ɗan fi na hagu girma, iskarsu ma ta fi yawa. Kwantar da bokiti a ƙasa ka tura shi, za ka ga ya karkata wajen ƙaramin gindinsa. Dabarar ke nan. Ana ɗora motar a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, a murɗa noti a kan safirin har nauyi ya rabu yadda ake so. Iskar naitirojin ake hura wa tayar, saboda iskar da muke shaƙa tana da laima, idan ta yi zafi kumburinta ba ya lissafuwa. Direba ya yi 'yan zagaye na gwaji ya dawo, ƙorafinsa ɗayan biyu ne: ko gaban motar ya ƙi shiga kwana, ko bayanta na neman wuce gaba. Shugaban makanikai ya saurara, ya sa a rage iska kaɗan nan, a ƙara juyi ɗaya can. Sai rana ta faɗi, kwalta ta huce, duk lissafin ya canza, a sake sabo.

Ko hancin motar akwai siyasa a kansa. Idan aka toshe wani sashe na ragar gaba mota takan ƙara gudu, amma inji ya ɗau zafi. Wani lokaci takardar abincin da ɗan kallo ya yar takan manne a ragar, ruwa ya fara tafasa. Maganin shi ne direba ya matso ya manne wa motar gabansa, iska ta yanke, takardar ta faɗi da kanta.

Canjin taya huɗu da zuba mai, kusan daƙiƙa goma ne. Mutum biyar ne ke tsallake katanga: mai jak, masu kwance taya biyu, mai ɗauko taya, da mai zuba mai da jarkar da ta wuce kilo 40 a kafaɗa. Yawancinsu tsofaffin 'yan wasan jami'a ne, an ɗauke su don ƙarfi da sauri. Kafin 2022 noti biyar ne a kowace taya, kuma da gam ake liƙe su a jikin ƙarfen tun da safe don kada a tsaya nema. Yanzu noti ɗaya ne a tsakiya. Akwai kuma mutum guda a saman rufin filin da madubin hange da rediyo, aikinsa faɗa wa direba akwai mota a damansa, tunda shi a ɗaure yake ba ya iya waiwaye.

Camfi fa? Turawan ma ba a bar su a baya ba. Tsofaffin direbobi ba sa ƙaunar ganin gyaɗa mai ɓawo a gareji, ba sa son koriyar mota, wasu ba sa taɓa takardar dala 50 ranar tsere.

A filin Bristol na jihar Tenesi zagaye ɗaya daƙiƙa 15 ne. A 2021 sai da aka yi ta jigilar jar ƙasa da tifa aka binne simintin filin baki ɗaya don a tuna da tseren dā, aka gama aka kwashe.

Ranar 30 ga Oktoba 2022, a Martinsville, Ross Chastain, ɗan gidan manoman kankana, yana na goma a zagayen ƙarshe kuma yana bukatar wuce motoci biyu. Maimakon ya taka birki a kwana, sai ya sa giya ta biyar, ya jingina motar da katanga, ya take totur har ƙasa. Katangar ta juya shi, ya tsallake layin ƙarshe a na biyar. Ya ce a wasan bidiyo ya koya tun yana yaro. Shekara na zagayowa aka hana.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Wendell Scott, baƙar fata, tsohon direban tasi a Danville. Shi ne direba, shi ne bakanike, 'ya'yansa ne masu canza masa taya, kayan gyaransa kwance ne da manya suka yar. Ranar 1 ga Disamba 1963 ya ci tsere a Jacksonville da ratar zagaye biyu, amma aka sanar da wani Bature, Buck Baker. Sai da 'yan kallo suka watse aka ce an yi kuskuren lissafi. Ya rasu a 1990 bai riƙe kofin ba. A 2021 aka miƙa wa iyalinsa.

Mu ma muna da abin faɗa. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, ita ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar. Bikin kamun kifi na Argungu ma an sha haɗa shi da jerin tseren motoci. Abin da muka rasa shi ne fili mai katanga da doka, shi ya sa samarinmu ke wasan mota a bakin titi ranar ɗaurin aure, babu hular kwano, yara na tsaye a gefe. Su Amurkawa sai da gwarzonsu Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe a Daytona ranar 18 ga Fabrairu 2001 suka tilasta na'urar riƙe kai da wuya, suka sassauta taurin katanga, kuma tun daga nan ba a sake rasa direba a babban rukuni ba. Fili ɗaya mai zagayen mita 400, irin na Bowman Gray da ake tseren NASCAR a kansa tun 1949, bai fi ƙarfin gwamnatin Kaduna ko ta Kano ba. A ware shi, a kewaye, a ajiye motar asibiti, a kwashe yaran nan daga kan titi.