Kolopati: ciwon cikin da awo ba ya gani

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, da ofisoshin Yamai, ba a rasa wanda ya shekara yana fama da murɗar ciki da kumburi, yau zawo, gobe bayan gida ya ƙi fita. An auna kashi, an auna jini, ba a ga komi ba. Likitoci na kiran wannan larura kolopati. Hanjin ba ya da gyambo. Saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ne ya rikice, har iska kaɗan ta zama azaba. Shi ya sa damuwar bashi ko jinkirin albashi kan tayar da ciwon.

Ƙa'idar Roma ta 4, da masana suka fitar a 2016, ta ce a yi zaton kolopati in ciwon na zuwa aƙalla sau ɗaya a mako tsawon wata 3, tare da sauyin bayan gida.

Abin takaici, da yawa kan nufi ƴan tallar magani su sayi Flagyl, su sha, su sake sha. Flagyl na kashe amiba. In awo bai nuna ta ba, asarar kuɗi ce kawai.

Sauƙin yana wajen abinci. Wake, albasa, tafarnuwa, burodi da madara kan cika hanji da iska. Akan rage su na ƴan makonni, sannan a maido su ɗaya bayan ɗaya, har a gano wanda ciki ba ya so. Tafiyar ƙasa da isasshen barci na taimakawa.

Amma jini a kashi, rama, zazzaɓi, ko ciwon da ya fara bayan shekara 50, ba halin kolopati ba ne: sai asibiti, ba jinkiri.