Tallafin Ƙasashen Waje ga Ilimin 'Ya'ya Mata da 'Ya'yan Makiyaya: Misali daga Managil

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi tallafin da ƙungiyoyin duniya ke bayarwa don karatun 'ya'ya mata da 'ya'yan makiyaya, tare da ɗaukar misali daga yankin Managil na jihar Jazira a ƙasar Sudan. Manufar ita ce a nuna wa ɗalibi cewa gina aji kaɗai ba ya zaunar da yaro a makaranta, sai an kula da harshensa da kuma sana'ar gidansu.

2.0 Mutanen Yankin

Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar aikin hajji, wasu kuma suka yada zango suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, sai noman auduga ya bunƙasa a Jazira, aka kuma faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950. Hausawa da yawa suka shiga ƙwadago a gonakin, suka zauna a ƙauyuka da unguwannin leburori da ake kira kambo. Can kudu kuma, wajen Damazin, akwai Fulani Bororo masu yawon kiwo.

3.0 Irin Tallafin

A shekarun 1990 hukumar UNICEF ta tallafa wa makarantun tafi-da-gidanka a Darfur da Kurdufan. Malami ɗaya ne ke bin ruga duk inda ta sauka, yana koyarwa daga aji ɗaya zuwa aji huɗu. Bayan Sudan ta shiga shirin haɗin gwiwar duniya kan ilimi a 2012, an ba ta dala miliyan 76.5 a ƙarƙashin kulawar Bankin Duniya, don gina azuzuwa da samar da littattafai. Ɗalibi zai iya kwatanta wannan da Nijeriya, inda aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Na farko, harshe. Da Larabci ake koyarwa a makarantun gwamnati, alhali yarinyar da ta tashi a ƙauyen Hausawa da Hausa ta fara magana, ɗan Bororo kuwa da Fillanci. Ko yaron na jin Larabcin kasuwa, na littafi daban ne. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi nazari a kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci a littafinsa na 1999.

Na biyu, lokaci. Idan tsinkar auduga ta zo, ana buƙatar kowane hannu a gona, ɗiya mace kuma ga ɗiban ruwa da reno. Shi ya sa iyaye suka fi sakin jiki da halwa, wato makarantar allo, domin ita tana bin lokacin mutane.

Na uku, nisa. Da wuya uba ya bar 'yarsa da ta fara tasawa ta riƙa taka doguwar tafiya zuwa wani gari ita kaɗai.

5.0 Halin da Yaƙi ya Jawo

Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. A Oktoban shekarar, UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. A Disamba aka kame Wad Madani, jama'a da dama suka gudu Managil, makarantu suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. Sojoji sun karɓe birnin a Janairun 2025.

6.0 Kammalawa

Ke nan, idan za a sake tayar da makarantun nan, ya kamata masu tallafi su horar da malamai mata daga cikin al'ummar, a fara wa yaro karatu da harshen gida kafin a kai shi ga Larabci, a kuma daidaita hutu da kakar auduga da tashin ruga. A nan ɗalibin harshe yake da aiki, domin shi ne zai rubuta littafin farko da yarinyar Managil za ta karanta da Hausarta.